Bishiyar ƙofar gida a Abuja: Wa ke da ita, wa ke da ikon sare ta?

Tsakanin ƙarshen watan Maris da farkon Mayu, kafin damina ta zauna da gindinta, Abuja kan sha wata irin iska mai zuwa gaban hadari. Takan taso da yamma ko cikin dare, ta yi minti ashirin ko talatin tana kaɗawa, sannan ta wuce. Washegari ma'aikatan da suka yi sammakon zuwa Sakatariyar Tarayya su ne ke fara ganin abin da ta bari: reshen malaina a tsakiyar titi, wayar lantarki a ƙasa, katanga ta kwanta, wani lokaci har da motar wani bawan Allah da darbejiya ta danne a inda ya saba ajiye ta shekara da shekaru. Daga nan sai tambayoyi su taso. Bishiyar ta wace ce? Wa ya kamata ya rage mata rassa tun da rani? Wa zai biya gilashin mota?

Amsar da ke fara zuwa bakin mai gida ita ce gida nasa ne, don haka abin da ke ciki da abin da ke ƙofarsa nasa ne. A garuruwa da yawa wannan magana ta wadatar. A Abuja kuwa ba ta isa ba, kuma mutane kan gano haka ne bayan an riga an kawo musu takarda.

Birnin da aka zana da inuwarsa

Abuja ba ta tsiro kamar yadda sauran garuruwa suka tsiro ba. Dokar soja mai lamba 6 ta Fabrairun 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, ita ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, ta kuma damƙa dukkan ƙasarsa ga Gwamnatin Tarayya. A 1979 kamfanin International Planning Associates ya miƙa babban tsarin birnin, wanda ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku na filin don wuraren shaƙatawa, bakin rafuka, tsaunuka da sauran sararin da ba za a yi gini a kai ba. Waɗanda suka zana tsarin sun ɗauki bishiya a matsayin wani ɓangare na kayan aikin birni, kamar kwalbati da bututun ruwa: tana rage zafi, tana riƙe ƙasa, tana sassauta gudun ruwan sama kafin ya isa magudana.

Sa'ad da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disambar 1991, yawancin gidajen Garki da Wuse na gwamnati ne, kuma ita ke kula da harabarsu. Ma'aikaci yana zaune ne kamar baƙo. Idan reshe ya yi barazana ga rufi, sai ya kai rahoto sashen gyare-gyare ya jira. Babban jami'i kuwa har da gadina ake ba shi.

Abin ya sauya daga 2003, lokacin da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta mayar da alfarmomin ma'aikata zuwa kuɗi, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati a zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i ke ministan Abuja. Dubban ma'aikata sun wayi gari su ne masu gidajen da suke ciki. Tare da makullin gida suka gaji bishiyoyin da aka dasa tun shekarun 1980, waɗanda a yau sun haura shekara arba'in, wasu sun fi benen da suke yi wa inuwa tsawo. Takardar ciniki ta yi bayanin ɗakuna da iyakar fili, amma ba wanda ya zaunar da sabon mai gida ya gaya masa abin da ya hau kansa game da malainar da ke jingine da tagar ɗakin 'ya'yansa. A rukunin benaye irin na Area 1 da Area 2 ko Wuse Zone 6, inda iyali shida ko takwas ke tarayya a haraba ɗaya, matsalar ta fi tsanani: kowa na shan inuwa, ba mai ɗaukar nauyi.

Wuri uku, hukunci uku

Abu na farko da ya kamata mai gida ya tantance shi ne inda gindin bishiyar yake. Akwai wadda ke cikin iyakar filin da takardar mallaka ta nuna. Akwai wadda ke tsakanin katanga da kwalta, a wannan ɗan sararin da mutane ke shuka fulawa ko su kafa rumfar mai gadi. Akwai kuma wadda ke cikin filin da tsarin birni ya keɓe a matsayin koren wuri.

Ta biyu da ta uku ba na mai gida ba ne ko kaɗan, ko da shi ya dasa su da hannunsa, ya yi ta ba su ruwa shekara goma. Sararin gefen titi hanya ce ta gwamnati, kuma a ƙarƙashinsa ne bututun ruwa, layin najasa da wayoyin sadarwa ke bi. Kula da bishiyoyin da ke wurin aikin Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa ne, wanda ke ƙarƙashin Majalisar Kula da Birnin Abuja, wato AMMC. Wanda ya sare irin wannan bishiya don a riƙa ganin allon shagonsa daga titi, ko don ya faɗaɗa wurin ajiye mota, ya taɓa dukiyar jama'a ne, kuma dokar Final Kod da ake aiki da ita a Abuja ta tanadi hukunci kan ɓarnata dukiya.

Ta farkon ce ke rikita mutane. Matsayin da jami'an sashen suka sha bayyanawa shi ne ko a cikin gida bishiya take, ba a kayar da ita sai da izini. Hanyar ba ta da sarƙaƙiya a takarda: a rubuta wa sashen buƙata tare da dalili, jami'ai su zo su duba, su yanke ko a sare, ko a rage rassa kawai, ko a bar ta. Idan an amince, akan biya kuɗin da aka ƙayyade, kuma akan buƙaci a dasa wata a madadinta.

Masu gidaje da dama na ganin wannan a matsayin shisshigi, kuma ba a rasa fahimtar dalilinsu. Mutumin da ya kwashe shekaru ana cire masa kuɗin gida daga albashi ba zai ji daɗin a ce sai ya nemi izini kafin ya taɓa mangwaron tsakar gidansa ba. Sai dai inuwar babbar bishiya ba ta tsayawa a katanga. Wanda ya taɓa tafiya a ƙasa daga wata tsohuwar unguwa mai bishiyoyi zuwa sabon rukunin gidajen da aka share ƙasarsa ƙal kafin a gina shi, a tsakar ranar Maris, ya san bambancin a jikinsa, ya kuma san shi a kuɗin lantarkin da na'urar sanyaya ɗaki ke ci. Bishiyar da injin zarto ke kayarwa cikin sa'a guda shekara talatin ta yi tana girma. Abin da za a iya zargin hukuma da shi shi ne rashin yayata ƙa'idar da kuma jinkirin amsa buƙata. Mutumin da ke kallon reshe na lilo a kan rufinsa ga hadari ya haɗo ba zai jira fayil ya gama zagaya tebura ba. Shi ya sa mai dabara ke rubuta takardarsa tun Janairu, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya kuma ɗauki hoton bishiyar. Ranar da ta faɗi a kan motar wani, wannan kwafin ne shaidar cewa bai yi sakaci ba.

Waya da maƙwabci

Bishiyar da ta kai ga wayar lantarki ba aikin mai gida ba ce, ba kuma aikin yaron da aka ɗauko daga bakin kasuwa da adda ba ne. Ɗanyen reshe na ɗaukar wuta. Abin yi shi ne a sanar da kamfanin rarraba lantarki na Abuja, AEDC, domin a kashe layin kafin a hau. Ƙa'idojin lantarki na ƙasa sun keɓe fili a ƙarƙashin manyan layuka: mita 50 ga layi mai ƙarfin kilobolt 330, mita 30 ga mai 132. A cikin wannan fili ba a gini, ba a kuma dasa doguwar bishiya. Gaskiya ne masu gyaran layi kan yi wa bishiya askin gefe guda su bar ta a karkace, wanda hakan kan sa ta faɗi a iska ta gaba. Maganin wannan tun ranar dashe yake: kada a sa abin da zai yi tsawo a ƙarƙashin waya.

Rigimar maƙwabta kuwa ta fi yawa a kan abu biyu, ganyen da ke cika lambatu da saiwar da ke tsaga katanga. Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka gada daga dokar Ingila ta ba maƙwabci damar datse reshen da ya ƙetaro cikin filinsa, daidai kan iyaka, ba tare da ya shiga gidan mai bishiyar ba. Amma reshen da 'ya'yan da ke jikinsa na mai bishiyar ne, abin da yaran unguwa ba za su taɓa yarda da shi ba a lokacin mangwaro. Mai bishiyar kuma, idan ya san ta ruɓe ko an ja hankalinsa ya yi biris, ana iya neman diyya a wurinsa in ta yi ɓarna. Duk da haka, shari'a a kan reshe tsakanin mutanen da ke haɗuwa a masallaci ɗaya ko coci ɗaya, wataƙila ma a ma'aikata ɗaya, asara ce ga kowa. Sallama da raba kuɗin mai sara ya fi lauya arha.

Ɗan haya shi ma yana da nasa kason. Share ganye da yanke ciyawa nasa ne. Sare bishiya ba nasa ba ne, kuma idan ya ga alamar haɗari, ya sanar da mai gida a rubuce, ko da ta saƙon waya ne.

Abin da aka dasa da yadda ake aske shi

Yawancin matsalolin da ake kai wa hukuma an shuka su ne tun ranar da aka tsaya a bakin titi aka sayi dashe a leda, ba tare da an tambayi yadda zai zama bayan shekara goma sha biyar ba. Masu sayar da dashe sun san abin da ke tafiya: mai saurin girma, mai kyan gani.

Malaina, wadda asalinta kudancin Asiya ne, tana cikin waɗanda aka fi dasawa a farkon ginin birnin saboda saurinta. Icenta ba shi da nauyi, kuma idan ta tsufa ba tare da kulawa ba takan zubar da manyan rassa. Bishiyar turare, 'yar Ostireliya, tana tsawo fiye da kima, tana shan ruwa sosai, ita ma takan saki reshe ba sallama. Bishiyar nan mai rassa hawa-hawa kamar lema, wadda aka kawo daga Madagaska kuma ta cika wuraren ajiye motoci a Abuja, saiwarta a sama-sama take tafiya, shi ya sa take ɗaga daɓe. Cediya, durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma wurinsu dandali ne ko ƙofar fada. A fili mai faɗin ɗaki huɗu, saiwarsu za ta nemi sokawe ta same shi, ta kuma shiga bututu ta toshe. Darbejiya, ita ma baƙuwa ce daga Indiya duk da ta zama 'yar gida, tana da juriya, amma tana son a ba ta tazara daga gini.

Abin takaici shi ne bishiyoyin da ƙasar ta sani tun kafin a zana birnin su ne aka fi wulaƙantawa. Ɗorawa, kaɗanya, maje da kirya sun tsaya a gonakin Gbagyi shekaru aru-aru, sun saba da wannan ƙasa da wannan iska, ba sa neman ban-ruwa da rani. Mai gina rukunin gidaje kan tura musu katafila a rana ɗaya, daga baya ya jera dabinon ado da ba ya ba da inuwar da akuya za ta fake. Maɗaci, wanda ya yi wa tsofaffin unguwannin Turawa na Kaduna da Kano rumfa, yana yin kyau a Abuja idan an ba shi wuri. Ga ƙaramin gida kuwa, gwaiba, lemo, kashu ko zogale sun isa, ga inuwa daidai gwargwado ga abin kai wa baki.

Sai batun aski, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Abin da aka saba gani shi ne a kira masu sara su guntule kan bishiya gaba ɗaya, a bar kututture tsaye kamar turken waya, da sunan an rage haɗari. Masana kula da bishiyoyi sun daɗe da yin watsi da wannan. Bishiyar da aka yi wa haka takan fitar da tohon gaggawa masu yawa, waɗanda ke tsirowa daga gefen ɓawo ba daga zuciyar ice ba, su yi tsawo cikin shekara biyu ko uku, kuma su ne farkon karyewa idan iska ta zo. Babban raunin da aka bari a sama kuma ruwa na shiga, ruɓa ta bi shi zuwa ƙasa. Ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a lokaci guda. A fara da matattun rassa, da masu gugar juna, da waɗanda kauci ya kama. A yanke reshe daf da kumburin nan da ke gindinsa, ba a shafe shi da jikin bishiyar ba, ba a kuma bar dogon dungu ba, domin daga wannan kumburin ne bishiya ke rufe rauninta. Reshe mai nauyi ana fara tsaga shi ta ƙasa kafin a yanke ta sama, don kada ya ɓare ɓawo idan zai faɗi. Fenti ko baƙin mai da ake shafa wa wurin yanka ba ya warkar da komai. Kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: gyaran da aka yi wa bishiya da almakashi tana shekara uku ya fi wanda za a yi mata da injin zarto tana shekara talatin.

Alamomin haɗari ba sa buƙatar digiri. Naman kaza a gindi, rami a jiki, gara ta yi gini har sama, ƙasa ta tsage ko ta kumbura a gefe guda, bishiyar da a da take tsaye yanzu ta fara jingina: duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nemi a zo a duba. Haka nan wanda aka haƙa rami kusa da bishiyarsa don shimfiɗa bututu ko waya. Yawancin saiwoyi ba su wuce zurfin kamu uku ba, suna kuma yaɗuwa fiye da faɗin inuwa, don haka ramin da bai kai gwiwa ba na iya yanke rabin abin da ke riƙe da ita. Bishiyar kan ci gaba da yin kore har shekara ɗaya ko biyu, sannan wata iska ta kayar da ita, a ce ikon Allah.

Ciyawa, hayaƙi da daɓe

Tsaftar haraba kuwa tana hannun Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, wadda dokar 1997 ta kafa. Jami'anta na duba-gari na da ikon ba da takardar gargaɗi kan ciyawar da ta yi tsawo, lambatun da ya toshe ko ruwan da ya kwanta, kuma wanda ya yi kunnen uwar shegu yana iya samun kansa a gaban kotun tafi-da-gidanka. Wannan ya shafi har filin da ba a gina ba. Ma'aikata da yawa na da fili a Kubwa, Lugbe ko Kuje da suke jiran kuɗin sallama kafin su gina. Kafin nan filin ya zama gidan macizai da maɓoyar ɓata-gari, maƙwabta ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Ƙona busasshen ganye, wanda kusan kowane mai gadi ke yi da hunturu, ya saɓa wa ƙa'idojin 2011 na hukumar NESREA kan ƙona daji da ƙone-ƙone a sarari. Ban da doka ma, asara ce. Ganyen da aka tara a rami a bayan gida, ana ɗan yayyafa masa ruwa, yakan zama taki cikin 'yan watanni, irin wanda ake saye a buhu a bakin hanya. Wutar da ake hurawa a gindin bishiya kuma tana ƙona ɓawo, ta buɗe wa gara ƙofa.

Akwai wata al'ada da ta mamaye birnin wadda ba a cika ɗaukarta a matsayin matsala ba: shafe haraba gaba ɗaya da intalok ko kankare, daga ƙofa har bayan gida, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Dalilin a fili yake, ba laka, ba ciyawa, ba kuɗin gadina. Amma Sashen Kula da Tsarin Gine-gine, wanda ke amincewa da zanen gida, yana ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin gini da katanga da kuma iyakar abin da za a gine na fili, kuma hikimar hakan ita ce a bar wa iska da ruwa hanya. Abuja na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, yawancinsa cikin wata shida. Ruwan da ƙasa ba ta sha ba titi yake fita, kuma idan gida dubu suka yi haka, unguwar da ke gangare ce ke karɓa. Ambaliyar da ta ci rukunin gidaje na Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023, da waɗanda Lokogoma ta sha fama da su, babban dalilinsu gini a kan hanyar ruwa ne, amma kowace haraba da aka toshe a tudu tana ƙara wa rafin nauyi. Bishiyar da aka zagaye wuyanta da kankare ita ma a hankali take shaƙewa. Barin da'irar ƙasa mai faɗin mita ɗaya ko biyu a gindinta ba zai hana kowa ajiye mota ba.

Duk wannan ya fi aiki a cikin birni. A garuruwan kewaye, ƙananan hukumomin yankin shida, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, suna da nasu jami'an tsafta. A rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya kuma akwai dokokin ƙungiyar mazauna, waɗanda sau da yawa sun fi na gwamnati tsanani. Dubban ma'aikatan da ke kwana a Mararaba da Masaka kuwa suna ƙarƙashin dokokin Jihar Nasarawa ne, ko da yake bishiyar ba ta san an ƙetare iyaka ba.

Ba za a rufe ido kan ita kanta gwamnati ba. Wuraren da tsarin 1979 ya keɓe sun sha komawa filayen gini ko mashaya, kuma duk lokacin da aka faɗaɗa titi akan kayar da layin bishiyoyin da suka girme wa injiniyan da ke aikin. Birni na buƙatar hanyoyi, ba mai musun wannan. Amma hukumar da ke neman ɗan fansho ya rubuto takarda kafin ya taɓa mangwaronsa, ya dace ita ma ta riƙa bayyana wa jama'a bishiya nawa kwangila ta ci, nawa aka dasa a madadinsu, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin ba su ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, watannin da yawancin dashen bikin dasa bishiyoyi ke bushewa a cikin kejin ƙarfensu.